Yadda Ake Gane Manduca sexta, Babban Malam-Buɗe-Littafin Dare na Lambunan Tumatir a Amurka ta Arewa

A cikin dangin malam-buɗe-littafin dare akwai wani gida da masana ke kira Sphingidae, wanda ya ƙunshi nau'o'i fiye da 1,400 a duniya, kuma fiye da ɗari daga cikinsu suna zaune a Amurka ta Arewa. Ƙwari ne manya, masu kaurin jiki da dogayen fukafukai sirara, suna tashi da ƙarfi, kuma yawancinsu sai rana ta faɗi suke fitowa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani a cikinsu shi ne Manduca sexta, wanda Carl Linnaeus, masanin ƙasar Siwidin, ya raɗa wa suna a 1763, kuma tsutsarsa ce ke cinye ganyen tumatir da na taba a gonaki da lambunan bayan gida. Abin da ke sa gane shi ya yi wuya shi ne yana da ɗan'uwa na jini, Manduca quinquemaculata, wanda Adrian Haworth na Ingila ya bayyana a 1803, kuma su biyun sun yi kama ƙwarai a girma da launi da abinci. Amurkawa suna kiran tsutsar na farko tsutsar taba, ta biyun kuma tsutsar tumatir, amma wannan rabon ba ya kama gaskiya, domin kowacce tana cin taba tana cin tumatir, har ma a jihohin kudu wadda aka fi tsinta a kan tumatir ita ce wadda ake dangantawa da taba. Saboda haka wanda ke son tabbaci ba zai dogara da shukar da ya ga ƙwaron a kanta ba, kuma ba zai tsaya a kan alama ɗaya ba. Sai ya haɗa biyu ko uku, ya ga sun yi magana ɗaya.

Mataki na farko: a san wuri da lokaci

Kafin a taɓa ƙwaron, a fara tambayar inda aka gan shi. Manduca sexta ya bazu tun daga jihar Masacusets da kudancin Mishigan, ya ratsa Filorida da Teksas da Arizona da Kalifoniya, ya gangara Meziko da tsibiran Karibiyan har Ajantina, kuma ya fi yawa a kudu mai ɗumi. Ɗan'uwansa ya fi rinjaye a jihohin arewa har kudancin Kanada, ba a cika ganinsa a bakin Tekun Meziko ba. A tsakiyar ƙasar kuwa suna haɗuwa a lambu ɗaya, wani lokaci a kan shuka ɗaya, shi ya sa wuri yake ba da zato kawai, ba hukunci ba. Tsutsar ta fi fitowa a watannin zafi na can, daga Yuni zuwa Satumba. A yawancin jihohi ana samun zubi biyu a shekara, a Filorida kuwa yakan kai uku ko huɗu.

Wannan matakin yana da muhimmanci ga mai karatu da ke Kano ko Maraɗi, domin waɗannan nau'o'i biyu na nahiyar Amurka ne. Babban ƙwaron da zai gani a jikin bango kusa da fitila a ƙasar Hausa zai fi yiwuwa ya zama wani ɗan gidan ne na Afirka, kamar Agrius convolvuli, wanda tsutsarsa ke cin ganyen dankalin Hausa. Tsutsar da manoma ke kira Sharon da ta ɓarnata tumatir a Kano da Kaduna a 2016 kuwa wata 'yar ƙaramar halitta ce daban mai suna Tuta absoluta, ba ta gidan Sphingidae ba ce sam.

Mataki na biyu: a bi sawun tsutsar a jikin shuka

Abin mamaki ne yadda tsutsa mai kaurin babban yatsa take ɓacewa ƙiri-ƙiri a gaban idon mutum, amma launinta kore ya saje da na ganyen tumatir, kuma da rana takan maƙale a ƙarƙashin reshe ba ta motsi. Don haka ba ita ake fara nema ba, aikinta ake nema. A duba saman shukar, inda sabbin ganye suke: idan aka ga rassa sun zama tsirara, an cinye ganyen ƙarƙaf an bar jijiyar tsakiya kaɗai, ko aka ga an gutsuri ɗanyen tumatir daga gefe, to tana kusa. Sannan a duba ganyen ƙasa da kan turɓaya, a nemi kashinta, wanda yake fita dunƙule-dunƙule, kore mai duhu ko baƙi, da tsaga-tsaga a jikinsa. Inda aka ga sabon kashi, sai a ɗaga ido a miƙe sama, a bi reshe ɗaya bayan ɗaya a tsanake. Sassafe da gab da magariba ne lokutan da suka fi dacewa. Masu lambu da yawa a Amurka sukan fita da dare da tocila mai hasken ultrabayolet, domin jikin tsutsar yana walƙiya a ƙarƙashin wannan hasken, ganyen kuwa ba ya yin irin wannan hasken, sai ta fito sarari.

Ba tumatir kaɗai za a duba ba. Duk 'yan gidan Solanaceae abincinta ne: taba, barkono da tattasai, gauta da yalo, dankalin Turawa, da zaƙami na daji.

Mataki na uku: a ƙirga layukan da ke jikin tsutsar

Nan ne aikin ya fi sauƙi kuma ya fi tabbas, shi ya sa ya kamata a daɗe a kansa. A tsinke reshen da take kai maimakon a finciko ta, domin ƙafafunta na baya suna riƙe da ƙarfi kuma finciko yana iya yi mata rauni. Ƙahon da ke bayanta tsoka ne mai laushi, ba ya harbi kuma ba shi da dafi. Idan aka taɓa ta takan ɗaga gaban jikinta ta lanƙwashe kai, ta yi wurgi da shi gefe da gefe, wani lokaci ta amayar da koren ruwa, ko a ji wata 'yar ƙara daga muƙamuƙinta, amma duk barazana ce.

A juya ta ta gefe, a dubi fararen alamomin da ke haƙarƙarinta. A jikin Manduca sexta layuka ne guda bakwai a kowane gefe, miƙaƙƙu, a karkace, kowanne ya taso daga ƙasa ta gaba ya haura sama ta baya, kuma a gefen kowane farin layi akwai ɗigo-ɗigon baƙi da ya yi masa iyaka. A jikin Manduca quinquemaculata kuwa alamomin takwas ne, kuma ba layi ɗaya ba ne, biyu ne da suka haɗa kai suka yi siffar harafin V a kwance, ba su da wannan baƙar iyakar. Daga nan sai a dubi ƙahon: na sexta ja ne ko jaja-jaja, ya ɗan lanƙwashe, na ɗan'uwansa kuwa baƙi ne ko shuɗi mai duhu, kuma ya fi miƙewa. A gani na siffar layin ta fi launin ƙaho abin dogaro, domin launin ƙahon ƙaramar tsutsa bai gama zama ba, kuma hasken rana ko na kyamara yana iya sauya shi a ido. Ƙananan ɗigo masu siffar ƙwai da ke jere a ƙasan layukan ramukan numfashi ne, dukkan nau'o'in biyu suna da su, kada a ƙirga su cikin alamomi.

Ya kamata a yi la'akari da shekarun tsutsar, idan za a iya kiransu haka. Uwar takan saka ƙwai ɗai-ɗai a jikin ganye, kowanne ɗan mulmulalle kore-kore mai faɗin kusan milimita ɗaya da rabi, kuma yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 2 zuwa 8 gwargwadon zafi. Abin da ke fitowa ɗan siriri ne fari-fari wanda ba shi da layi ko ɗaya, sai ƙaho da ya yi masa girma. Tsutsar tana saɓa sau huɗu, ta ratsa matakai biyar cikin kusan kwana 20, nauyinta ya ninka kamar sau dubu goma, daga kusan miligiram ɗaya zuwa giram goma, tsawonta ya kai santimita 7 zuwa 8 ko fiye. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ganyen da za ta ci a rayuwarta a matakin ƙarshe take cinye shi, wannan ne ya sa mai lambu yake ganin kamar ɓarnar ta auku a dare ɗaya. Idan tsutsar da aka samu ƙarama ce ƙwarai, a dakata kwana biyar ko shida har layukan su fito kafin a yanke hukunci.

Akwai wani ruɗani da hotuna ke kawowa. Tsutsar sexta da ake kiwo a ɗakunan bincike, ko ake sayarwa don ciyar da ƙadangarun gida, launinta shuɗi ne mai haske maimakon kore. Dalili shi ne jininta yana ɗauke da wani sinadari shuɗi, kuma sai ya gauraya da ruwan ɗorawan da take samu daga ɗanyen ganye sannan take zama koriya. Wadda aka ciyar da abincin da aka haɗa da alkama ba ta samun wannan launin, sai shuɗin ya tsaya shi kaɗai. Nau'i ɗaya ne, abinci ne ya bambanta.

Mataki na huɗu: idan kwanso aka tono

Idan tsutsar ta ƙoshi sai ta daina ci, ta zubar da abin da ke cikinta, wani duhun layi mai bugawa ya bayyana a tsakiyar bayanta, wanda shi ne zuciyarta, sannan ta sauka ƙasa ta yi ta yawo har ta sami turɓaya mai laushi. Takan nutsa zurfin santimita 10 zuwa 15, ta gyara ɗan ɗaki, ta rikiɗe ta zama kwanso mai ruwan ƙasa-ƙasa ja, tsawonsa santimita huɗu da rabi zuwa shida. A gaban kwanson akwai wani lanƙwasasshen bututu da ya fito daga kai ya koma ya manne a ƙirji, kamar hannun buta, kuma a cikinsa ne dogon harshen ƙwaron yake ginuwa. Wannan hannun ma alama ce: a sexta yana kaiwa kusan rubu'in tsawon kwanson, a ɗan'uwansa kuwa ya fi tsawo, yana kaiwa kusan sulusi. Bambancin ƙanƙane ne, ba a gane shi da kallo kawai, sai an sa rula. A lokacin zafi ƙwaron yana fitowa bayan mako biyu zuwa uku. Tsutsar da ta girma a ƙarshen kaka, lokacin da yini ya gajarta, kwansonta yakan kwana a ƙasa duk tsawon hunturu.

Mataki na biyar: babban ƙwaron kansa

Idan babban aka samu, a manne a bango ko a gindin itace, da farko ba za a ga komai ba sai fukafukan gaba masu ruwan toka da zane-zanen baƙi da fari da ruwan ƙasa, a kwance sun rufe jiki. Faɗinsa idan ya buɗe fukafukai yakan kai santimita 9 da rabi zuwa 12. Alamomin da ake buƙata suna ɓoye a ƙarƙashi, don haka sai an sa shi ya buɗe. Hanyar da masu wannan aiki suke bi ita ce a kife masa kwalba mai faɗin baki, a zura takarda ta ƙasa, a sa shi a firji, ba wurin ƙanƙara ba, na ɗan lokaci har ya lafa. Sanyi yana hana shi tashi domin tsokar ƙirjinsa sai ta yi zafi take aiki. Wani masani mai suna Bernd Heinrich ya nuna a farkon shekarun 1970, a kan wannan nau'in, cewa zafin ƙirjinsa yana kaiwa wajen digiri 40 a ma'aunin Celsius lokacin tashi, kuma kafin ya tashi sai ya yi ta kaɗa fukafukai yana rawar ɗari don ya ɗumama. Wannan rawar ita ce alamar cewa lokacin ɗaukar hoto ya kusa ƙarewa.

Da ya lafa, a ɗan tura fiffiken gaba da tsinke mai laushi, a dubi abu uku. Na ɗaya cikinsa, wato ɓangaren jikinsa na baya: a kowane gefe akwai jerin tabo masu ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo. Sexta yana da shida a kowane gefe, ɗan'uwansa yawanci biyar, kuma sunayensu na Latin daga wannan ƙidayar aka samo su. Sai dai tabo na shida ƙarami ne, yana can kusa da wutsiya, kuma akan sami quinquemaculata mai shida, don haka wannan alamar da ta fi suna ita ce ta fi saurin yaudara. Na biyu fiffiken baya, kuma a nan ne hukunci ya fi ƙarfi: a tsakiyarsa akwai baƙaƙen layuka biyu masu tsini-tsini. A sexta sun matsu da juna har kusan ba a ganin fari a tsakaninsu, a ɗan'uwansa kuwa sun rabu sarai, da fili mai haske a tsakiya. Na uku gezar da ke bakin fiffiken gaba: ta sexta tana da ɗigo-ɗigon fari a fili, ta ɗayan kuwa ruwan toka ce, ba ta da wannan ɗigon sosai. Gaba ɗaya ma sexta ya fi duhu da ruwan ƙasa, ɗan'uwansa ya fi hasken toka. Wanda ke son sanin jinsi ya dubi 'yan sandunan sansano biyu da ke kansa, na namiji sun fi kauri.

Kafin a rufe magana, a kawar da sauran 'yan gidan da ke iya shiga tsakani. Manduca rustica yana da tabo uku kacal a kowane gefen ciki, kuma fukafukansa suna da fari mai yawa. Agrius cingulata tabonsa ruwan hoda ne, ba ruwan ɗorawa ba. Hyles lineata ya fi su ƙanƙanta, yana da fararen layuka a kan fiffiken gaba da faffaɗan ratsin ruwan hoda a na baya, kuma yakan fito da rana tsaka.

Mataki na shida: idan shakka ta rage, a yi kiwo

Hanya mafi yanke gardama ita ce a riƙe tsutsar har ta zama babba, a ga alamomin matakai uku a jikin halitta ɗaya. Ana buƙatar roba mai zurfi da murfin raga, sabon ganyen shukar da aka same ta a kai kowace rana, wanda ba a yi wa feshi ba, da kwashe kashi kullum don gudun ruɓa. Idan ta fara yawo sai a zuba turɓaya mai ɗan danshi zurfin santimita 15, a bar ta ta nutsa, kada a yi ta tono don dubawa. A kafa sanda a ciki, domin sabon ƙwaro yana fitowa da fukafukai a cukuikuye, kuma dole ya hau wani abu ya rataya kafin su miƙe. Wanda bai sami abin hawa ba fukafukansa sukan bushe a murɗe, ba zai taɓa tashi ba. Sauƙin kiwon nan ne ya sa sexta ya zama dabbar gwaji a jami'o'i, inda masana irin su Lynn Riddiford da James Truman suka yi shekaru suna nazarin sinadaran da ke sarrafa saɓa da rikiɗa a jikinsa.

Abin da ya kamata a sani kafin a kashe ta

Sanin suna rabin aiki ne, domin halittar da ke cinye ganye tana tsutsa ita ce ke yi wa furanni barbara da dare idan ta girma. Babban ƙwaron yana tsayawa cak a iska a gaban fure, ya warware harshe wanda ya kusa tsawon jikinsa ko ya fi, ya zuƙi ruwan zaƙi daga furanni farare masu zurfi da ke buɗewa da magariba. A hamadar Sonora ta Arizona yana cikin manyan masu barbarar wani zaƙami mai suna Datura wrightii, kuma macen takan sha daga furen sannan ta saka ƙwai a ganyen shukar, wato shukar tana biyan ladan barbara da ganyenta. A jihar Yuta, masu bincike na Cibiyar Max Planck ta Jamus sun gano cewa tabar daji Nicotiana attenuata, idan tsutsotsin suka dame ta, takan koma buɗe furanninta da safe don ta jawo ƙananan tsuntsaye masu shan ruwan fure maimakon ƙwaron dare. Su ne kuma suka nuna cewa tsutsar, wadda ke fitar da yawancin nikotin ɗin da ta ci ta hanyar kashi, tana busar da wani kaso ta ramukan numfashinta, kuma wannan warin yana korar gizo-gizon da ke farautarta da dare.

Akwai yanayi ɗaya da bai kamata a taɓa tsutsar ba ko kaɗan. Idan aka ga bayanta ya cika da wasu 'yan fararen abubuwa dogaye a tsaitsaye, waɗannan ba ƙwanta ba ne, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Jakunkunan zare ne na wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro mai suna Cotesia congregata. Macensa tana soka ƙwai da yawa a cikin jikin tsutsar tun tana ƙarama, tare da wata ƙwayar bairos da ke kashe garkuwar jikinta, 'ya'yan su girma a ciki, su huda fata su fito, kowanne ya saƙa jakarsa. Tsutsar da ta kai wannan hali ta riga ta daina ci kuma ba za ta rikiɗe ba, wanda ya murƙushe ta kuwa ya kashe masu tsaron lambunsa ne na zubi mai zuwa. Rina ma tana farautar ƙananan tsutsotsin, haka tsuntsaye.

Idan babu waɗannan jakunkunan kuma ɓarnar ta yi yawa, tsincewa da hannu ya wadatar a ƙaramin lambu, kuma mai tausayi yana iya ware shuka ɗaya a gefe ya mayar da su can. A babbar gona ana amfani da feshin wata ƙwayar bakteriya mai suna Bacillus thuringiensis, wanda ya fi aiki a kan ƙananan tsutsotsi, sannan a yi huɗa bayan girbi, domin garma tana farfasa yawancin kwanson da ke kwance a ƙasa.

Duk hukuncin da aka yanke, a rubuta abin da aka gani: rana, gari da jiha, shukar da aka same ta a kai, da tsawon jiki. A ɗauki hoton tsutsa ta gefe yadda za a iya ƙirga layuka kuma a ga ƙaho, na babba kuwa ta sama, da fiffiken baya a buɗe da ciki a bayyane, a ajiye rula a kusa. Irin wannan hoton ne masu tantancewa a shafukan intanet na iNaturalist ko BugGuide, wanda Jami'ar Jihar Ayowa ke kula da shi, za su iya tabbatarwa har matakin nau'i. Hoton da aka ɗauka fukafukai a rufe sau da yawa ba ya wuce a ce Manduca ne kawai.